Dalmar Kyaftin Bedeau

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin aka bugo waya caji ofis na Hillsborough, a tsibirin Carriacou. An sace dalma daga cikin wani jirgi a ƙauyen Windward. Sufeto Lenroy Quashie ya ajiye shayinsa, ya ɗauki makullin mota.

Jirage tara ya tarar tsaye a ruwa sun jefa anga, duk na katako, masu tafiya da iska. Washegari da safe za su tashi tare zuwa tsibirin Bequia, kamar kowace shekara in bikin Ista ya matso. Hanyar fita ɗaya ce, wata 'yar kafa tsakanin duwatsun da ruwa ya rufe. Jirgi ɗaya ke shiga gaba, sauran su bi sawunsa. Shekara talatin da ɗaya Kyaftin Fitzroy Bedeau ke jan gaba, kuma shi aka yi wa satar.

"Sandar dalma ashirin, Sufeto," in ji tsohon. "Ko ta rantsuwa ba su bar min ba."

"In babu ita fa?"

"In babu nauyi a gindin jirgi, iskar farko za ta kife shi kamar akushi. Kai ɗan tsibirin nan ne kuwa?"

Sufeto ya shiga kwalekwale ya isa jirgin. Jikin jirgin ya taso daga ruwa da yatsa biyu, gansakuka duk a fili. A ciki kuwa an mayar da katakan ƙasa daidai, kowace ƙusa a raminta, an ma shafa musu kitse. Ruwan da kan taru a ƙasa an kwashe shi tas.

"Kai ka kwashe ruwan, Kyaftin?"

"Kafin safiyar yau, rabona da jirgin tun Asabar."

Sufeto ya rubuta wannan. Bai taɓa ganin ɓarawon da ya share ɗakin da ya fasa ba.

Mai shirya tafiyar Tanti Ermine Stiell ce, tsohuwar shugabar makaranta. Ita ke raba wa jirage layi, ita ke duba kowanne kafin tashi. Sufeto ya same ta a gindin bishiya da takardarta a cinya.

"Doka ɗaya ce, Lenroy," ta ce. Ita ta koya masa karatu, har yau ba ta kiransa Sufeto. "Jirgin da ba nauyinsa ba ya tafiya, ko na Fadan coci ne. In dalmar nan ba ta dawo yau ba, Fitzroy zai tsaya a kan gadar jirage yana ɗaga mana hannu."

"Wa zai ja gaba?"

"Dunstan Fleary. Shekara goma yana lasar baki."

"Jiya ina mutane suke?"

"Nan farfajiyar. Sadakar tafiya muka yi. An yanka akuya, an zuba wa kakanni barasa a ƙasa, daga sha biyu har biyar ba kowa a bakin ruwa."

"Ba wanda ya tashi?"

"Biyu. Dunstan, sai Osbert DeRoche. Osbert ya ce min zai je gyaran famfon jirginsa. Kada ka ɓata lokaci a kansa. Shi ya sassaƙa jirgin Fitzroy da hannunsa, benci ɗaya suka zauna a makaranta."

Dunstan Fleary yana loda jarkokin ruwa lokacin da Sufeto ya hau jirginsa.

"Ina kake jiya da rana?"

"Wajen sadaka, daga farko har ƙarshe."

"Tanti ta ce ka tashi ƙarfe ɗaya."

"Tanti ta tsufa."

"In je in gaya mata haka?"

Dunstan ya ajiye jarkar, ya waiga, ya rage murya. "Haba, yallaɓai. Shagon barasa na je. Na yi wa matata rantsuwa a coci na daina. In ta ji, ka ɗaure ni kawai, ya fi min sauƙi."

"Buɗe katakan."

Ya buɗe. Tsofaffin ƙarafan injin ne jibge a ƙasa, duk tsatsa.

"Ka gani? Ina son jan gaba, ban musa ba, amma ba da dalmar sata ba. Mu talakawa ƙarfe muke zubawa. Shi kuwa Kawu Osbert har yau duwatsun kogin kakansa yake ɗauka, waɗanda aka kawo daga tsibirin St. Vincent. Jirginsa kamar murhu."

Mai shagon barasa ya tabbatar da maganar Dunstan. Daga ɗaya zuwa biyar yana can, yana zagin 'yan wasan kurket a talabijin.

Da azahar Sufeto ya koma cikin kwalekwale. Jirgin Osbert ne maƙwabcin na Kyaftin Bedeau, igiya ɗaya in ka ja sai su haɗa jiki. Zamansa a ruwa daidai yake, bai nutse ba, bai taso ba. Sufeto ya zagaya shi a hankali, sannan ya leƙa ƙasa. Ruwan garau yake. A kan farin yashi ga tulin baƙaƙen duwatsu masu santsi, ko ɗigon gansakuka babu a jikinsu. Tsibirin Carriacou ba shi da kogi ko ɗaya.

Osbert yana zaune a bayan jirgin yana ɗinkin zanen da ke tare wa jirgi iska. Ƙaƙƙarfan dattijo ne, hannuwansa kamar faranti.

"Kawu, yaya famfo?"

"Ya gyaru."

"Duwatsun wa ne a ƙarƙashinka?"

"Teku ce. Me ba ta ajiyewa?"

"Teku ba ta wanke dutse ta tara shi wuri ɗaya. Ka zubar da naka don kada jirgin ya nutse a gane. Ka buɗe katakan, ko ni in buɗe?"

Osbert ya soke allurar a zanen. Ya tashi ya ɗaga katako ɗaya. Sandunan dalma na jere, an sa tsumma tsakaninsu.

"Ashirin cif," ya ce. "Ni ma ba zan bi tafiyar ba. Ran Laraba zan mayar masa, bayan an tafi."

"Me ya sa?"

"Idonsa ya tafi, Lenroy. Bara ina bayansa a kafar nan. Sai da ya goga dutse, na ji ƙarar a haƙorana. Sa'a ce ta fitar da mu. Bana da mata da jikoki, mutum arba'in da ɗoriya za su bi sawunsa."

"Ka gaya masa?"

"Sau uku. Na ukun ya jefe ni da kofi."

"Tanti fa?"

"In na gaya mata, a gaban jama'a za ta sauke shi. Gara a ce ɓarawo ya hana shi tafiya da a ce makanta."

"Sata dai sata ce, Kawu."

"Na sani. Bari in ɗauki hulata."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Kafin su iso gada labari ya riga su, masu jirage sun taru. Kyaftin Bedeau na tsaye a gaba, Tanti Ermine a gefensa. Sufeto ya hau da Osbert, suka tsaya taku goma daga gare su, ga rana tana haskawa tar.

"An samu dalmarka, Kyaftin. Duka ashirin."

"Madalla!" Tsohon ya ƙura wa mutumin da ke gefen Sufeto ido, ya daɗe yana kallo. "Wannan ne ɓarawon? Ɗan gidan wa ne?"

Tanti Ermine ta dubi Kyaftin, ta dubi Osbert. Ta zare biro daga gashinta, ta ja layi a kan sunan farko a takardarta, na Kyaftin Bedeau, ta rubuta na Dunstan Fleary.

Sufeto ya buɗe ƙofar mota. Osbert ya cire hula, ya sunkuya ya shiga.