Gwankin da Ya Kai Ni Kogon Buda

Kafin assalatu na ɗaura addata a ƙugu, na rataya bindiga, muka sulale daga sansani ni da Tun Sen. Sunana Nomau, maharbi ne ni ɗan maharba daga dajin Kuyambana, yaƙin Bama ne ya mai da ni soja. Kwana shida ke nan jirgin da ke jefo mana abinci da laima bai zo ba saboda hadari ya rufe duwatsu. Mu arba'in ne, bakwai a kwance da rauni, abin da ya rage mana gishiri ne kawai. Saje Barmo ya riƙe hannuna a bakin rami ya ce, "Harbi ɗaya, Nomau, kuma ka yi nisa da mu tukuna. Sojojin Jafan suna cikin kwarin nan."

Tun Sen mutumin ƙasar ne, dattijo mai tauna ganye har haƙoransa sun yi ja. Shekara guda yana yi mana jagora, ya tsinci Hausar bariki daidai gwargwado.

Dajin can ba irin namu ba ne. Gora ce ta tsaya cunkus kamar shinge, ƙasa na tsotsar takalmi, matsattsaku na hawa ƙafa ba ka ji sai ka ga jini. Hantsi ya yi kafin na ga sawu a bakin wani rafi: kofato biyu, faɗinsa ya kai tafin hannuna, ruwa bai gama taruwa a ciki ba. Gaba kaɗan ga kashi, na sa yatsa na ji da ɗumi. Dabbar nan kamar gwanki take, sai dai ƙahon namijin rassa ne kamar busasshen itace. Namansa zai ci da mu kwana uku.

Muka bi shi muna hawa. Sau biyu na hango ƙeyarsa, ja-ja tsakanin gora, kafin in ɗaga bindiga ya shige. Abin da ya dame ni, ba gudu yake ba. Dabbar da ta ji warin mutum tana zabura, sawunta ya zurfafa ta gaba. Wannan taku yake yi daidai, in na tsaya cire matsattsaku sai in tarar shi ma ya tsaya, ya tattake wuri guda.

Da azahar tsuntsaye suka yi tsit. Tun Sen ya kama rigata.

"Nomau, mu koma. Dutsen nan ba a farauta."

"Mutum bakwai na kwance," na ce masa. "In ba za ka iya ba, jira ni nan."

Bai jira ba. Muka ɓullo gindin wani baƙin dutse, sai ga matakala sassaƙaƙƙiya, gansakuka ta rufe ta, saiwoyi sun farfasa ta. Sawun ya hau. A ƙarshenta bakin kogo ne, tsayinsa ya fi zaure biyu, iska mai sanyi na fitowa da warin jemagu da wani tsohon turare.

Na yi ta'awwuzi na shiga. Da idona ya saba da duhu, na tsaya cak. Mutane ne zaune sahu-sahu, sun tanƙwashe ƙafafu, idanu a lumshe, sun fi ɗari. Sai da na ɗora yatsa kan kunamar bindiga na gane duk dutse ne. Can ciki haske na saukowa ta wata tsaga a rufi, ya faɗa kan wani babba da ke kwance a gefen dama, kansa a tafin hannu, tsawonsa ya kai na mutum goma. Gwankin yana tsaye a gabansa, ya juyo yana kallona. Taku ashirin ne tsakaninmu. Na durƙusa, na auna bayan kafaɗa.

Wani hannu ya sauka kan bakin bindigar, ya danna ta ƙasa a hankali. Tsoho ne, kai a aske, ya yafa mayafi ruwan ɗorawa, duk ƙashi ne. Tun da nake ba a taɓa zuwa kusa da ni haka ban ji taku ba. Ya sa yatsa a leɓensa, ya nuna bakin kogo.

Sai na ji su. Ƙarar gwangwanin ruwa na bugun ɗamara, takalma kan dutse, murya ƙasa-ƙasa. Jafan ne, a gindin matakalar. Na kwanta rub da ciki tsakanin gumaka biyu ina ƙirga takunsu, na kai mutum talatin na bari. Ɗaya ya hawo har bakin kogo. Ina ganin inuwarsa da wuƙar bakin bindigarsa. Ya tsaya, ya cire hula, ya rusuna wa babban gunkin, ya juya ya sauka. Da na yi harbin nan, da a nan aka bar ƙasusuwanmu.

Sai da takunsu ya ɓace tsohon ya yi magana, Tun Sen na juya mini da Hausa. Ya ce shi ne mai tsaron wurin na goma sha tara. Wai a zamanin da, wani sarki ya biyo barewa har cikin kogon nan da mashi, ya tarar da ita kwance a jikin wani mai bauta da ya rabu da duniya. Sarkin ya karya mashinsa, ya sa aka sassaƙa Buda kwance, wato babban malaminsu, ya haramta zubar da jini a dutsen. Tun daga nan duk lokacin da yaƙi ya ci ƙasar, mutanen ƙauyuka nan suke ɓuya, wanda ya tsira kuma sai ya bar gunki guda. Ya ce a zamanin malaminsa mutum ɗari uku sun yi damina cur a ciki.

"Gwankin fa?" na tambaya. Na waiwaya, babu shi, kuma ban ji fitarsa ba.

Tsohon ya yafito ni. Ya kunna fitilar mai, ya ja ni bayan babban gunkin. A jikin bango an sassaƙa maharba a durƙushe, jere, kowa da makaminsa a ƙasa: mai mashi, mai tarko, mai wata doguwar bindiga irin ta toka. Ya ce duk dabba ce ta kawo su. Ya matsa da fitilar kan na ƙarshe, sannan ya ɗaga ta kusa da fuskata.

Tun Sen ya ja da baya har ya buge bango.

Mutumin da ke jikin dutsen ba ɗan ƙasar ba ne. Hancinsa da leɓensa namu ne. A gabansa baka ne da kwari irin wanda ake ɗinkawa da fatar akuya a garinmu, har da tuntunsa. A kumatunsa kuwa zane uku-uku daga gefen baki, da bille guda ƙarƙashin idon hagu. Zanen gidanmu ke nan, shi ne a fuskata. Na shafa dutsen, gansakuka ta cika tsagogin, bakin sassaƙar ya lashe don tsufa.

"Tambaye shi wa ya yi wannan."

"Ya ce malamin malaminsa ma haka ya tarar da shi."

Tsohon ya ba mu buhun shinkafa biyu daga abin da mutanen ƙauye suka ɓoye a kogon, ya fitar da mu ta wata ƙofa a bayan dutse, inda Jafan ba su bi ba. Muka isa sansani kafin magariba. Saje Barmo ya dubi buhunan, ya dubi bindigata.

"Ina naman?"

"Ban samu ba, Saje."

Shinkafar ta riƙe mu har jirgi ya zo, biyar cikin bakwai ɗin nan sun ga gida.

Da aka sallame mu na koma Kuyambana, na tarar da Baffa Cindo, ƙanen kakana, ya makance yana zaune a zaure. Na ba shi labari tun daga sawu har bango. Da na gama, ya ce in matso. Ya bi zanen fuskata da yatsunsa.

"Kwarin nan," ya ce, "tuntunsa biyu ne ko uku?"

"Uku, Baffa."

Ya sauke hannu. "Kakanmu Gagare kaɗai ke sa uku. Ya tafi Makka a ƙafa da bakansa, tun ba a haifi ubana ba. Ayarin ya dawo ba shi. Suka ce a bakin teku suka rabu, ya ga wani sawu ya ce su ci gaba, zai tarar da su."