Cokali Biyu na Romo

"Mama, yaya miyar yau?" Amarya ta tambayi surukarta tana murmushi. Wata takwas da biki, amma sunan amarya ya ƙi sakinta.

"Ta yi daɗi, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

"To, da romon nama a ciki, cokali biyu! Kin ga kin ci, me ya same ki?"

Tsohuwa ta janye hannunta daga kwano a hankali. Kafinta, mijin Amarya, ya daskare da loma a baki.

Shekara arba'in rabon Mama da nama. Mahaifinta mai yanka wa gunki ne, tun tana ƙarama ita ke riƙe masa kwanon jini. Ranar da ta karɓi Almasihu ta yi wa Allah alkawari, ita da nama har abada. Amarya kuwa, 'yar ƙungiyar mawaƙan coci, aya a bakinta kamar ruwan famfo, gani take camfi ne kawai, kuma ita za ta yi maganinsa. Kayya, ƙuruciya dangin hauka!

Daga ranar gidan ya yi tsit. Mama takan tsuguna bakin famfo ta yi ta kurkure baki har dasashi ya yi jini.

"Ƙarnin nan ya dawo," take cewa. "Ina jin Baba yana wasa wuƙa a bayan kicin."

Ran Lahadi a coci aka zagayo da gurasa mai tsarki ta Jibin Ubangiji, Mama ta naɗe hannu. "Bakina ba tsarki."

Kafinta ya tsare matarsa a ɗaki, idonsa jawur. "Ni da ke muna cin nama a gabanta, ta taɓa cewa mun yi zunubi? Ta taɓa ko hararar firjinki?"

"Sori mana! Ni fa 'yantar da ita nake so..."

"Ga 'yanci nan kin gani!"

Ya koma cin abinci a shago, cikin ƙurar katako. Amarya ta rame, kuka ba dare ba rana, don tana son mijinta kamar ranta. Ta kai ƙara wurin matar fasto.

"Gaskiyarki, abinci ba ya ƙazantar da mutum," matar ta ce. "Amma ke kina ci kina godiya, ita tana bari tana godiya, Ubangijinku ɗaya. Wa ya naɗa ki alƙalin zuciyarta? Kin ci gardama, kin karya tsohuwa."

Amarya ta durƙusa gaban Mama ta nemi gafara. Mama ta yafe, amma tsoron bai tafi ba. Da aka sake zagayo da gurasa, Amarya ta zauna kusa da ita, ita ma ta naɗe hannu.

"Ke, ɗauki mana!" Mama ta raɗa mata.

"Ni na sa romon, Mama, ba ke ba. In bakinki ba tsarki, hannuna fa?"

Wata huɗu ana wuce su haka. A na biyar Mama ta dubi yarinyar, ta ga ƙashin wuyanta a waje. Ta ɗauki gurasa, ta tura mata farantin. "Ci, ja'ira, kar ki mutu mini."

Kafinta, daga layin baya, ya kifa kai yana share hawaye. Ran nan a gida ya ci abinci.

Haƙuri ya gyara gidan. Sai dai har Mama ta koma ga Ubangiji, ba ta ƙara kai loma baki ba sai ta sunsuna kwanon, kuma duk sunsunawa sai gaban Amarya ya faɗi. 'Yan'uwa, abin da kake da 'yancin ci, ba ka da 'yancin ɗura wa wani.