Bishiyar Tana Hagu

“Matso, samari. Matso ka ga yadda ake ɗaukar hoto!”

Dokta Maikano ne ya faɗa, da ƙarfi, yadda duk wanda ke zauren baje kolin ɗaliban ya ji. Ubaida tana gefen mahaifin nata riƙe da kofin lemo. Ba ta san Kamil zai zo ba. Ita da bakinta ta ce masa an ɗaga bikin zuwa wani makon.

Ga shi kuwa a tsaye, tun daga Birmingham, da furanni a hannu.

Hoton ya fi kowanne girma a bangon. Kwazazzabo ne na jan dutsen yashi a hamadar Utah ta Amurka, duwatsu biyu sun miƙe sama kamar an yanka su da wuƙa. A gefen dama bishiya ɗaya tal, ganyenta ya rine rawaya kamar an cinna mata wuta. A ƙasa ɗan kati: Ubaida Maikano, shekarar ƙarshe, 2006. Shi ya zo na ɗaya a ajinsu.

“Ka gani?” in ji Dokta. “Wannan shi ne art. Ba yawon gidajen biki ana ‘Amarya, murmushi! Ango, matso!’ ba. Shekara nawa kana riƙe da kyamara?”

“Goma sha ɗaya, Baba.”

“Ita uku. In da rabo ta koya maka.”

Wasu suka yi dariya. Ubaida ta buɗe baki… ta rufe.

Kamil ya daɗe yana kallon hoton. Bai ko dubi katin ba.

“Ya yi kyau, Baba,” ya ce.

Ya miƙa mata furannin bai haɗa ido da ita ba, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

“Bishiyar tana hagu, Ubaida.”

Ya juya ya fita.

* * *

A wani biki a unguwar Withington ta Manchester suka haɗu, shekara biyu kafin nan. Shi ne mai hoton bikin, ita kuma tana tare masa hanya da sabuwar kyamarar dijital da Abba ya saya mata. Ɗan Mma Adiza ne, mutanen zangon Kumasi da suka daɗe a unguwar Aston ta Birmingham. Asabar da Lahadi yana bin bukukuwa. Sau ɗaya a shekara, idan ganye ya fara sauya launi, sai ya ɗauki tanti da tsohuwar kyamarar fim ya ɓace.

Shi ya fara ba ta labarin kwazazzabon.

“Ba a ɗauka da rana tsaka, zuciyata. Jira za ki yi rana ta bugi dutsen can, dutsen ya maido da jan hasken a kan ganyen. Minti ashirin ne, wajen goma na safe. In ganyen bai nuna ba, ki dawo gobe.”

“Kwana nawa ka yi?”

“Tara.”

“Kan bishiya ɗaya? K, kana da aljanu!”

Ranar da Abba ya ce shi ba zai ba mai hoton biki ’yarsa ba, Kamil bai yi musu ba. Ya kawo mata ƙaramin akwatin slides, irin fim ɗin nan mai farin firam da ake ɗagawa a haske a ga hoton.

“Ba ni da gida tukuna. Wannan shi ne abin da na fi so a duniya kafin ke. Ajiye a wurinki.”

A watan Oktoba ita ma ta je, ta sauka wurin gwaggonta a Arizona, da niyyar ɗauko hoton project ɗinta na ƙarshe. Motar ’yan yawon buɗe ido ta sauke su ƙarfe ɗaya na rana, aka ce minti arba’in. Ganye kore shar. Dutse fari fat saboda rana. Ta dawo Manchester da hoto ɗari uku, babu ɗaya na nunawa, ta kuma ce wa Kamil sai ranar baje koli zai gani.

Widad, wadda suke flat ɗaya a Fallowfield, ita ta tarar da ita tana kuka a kan akwatin, saura kwana huɗu deadline ɗin miƙa aikin.

“Haba babe, abin mijinki ai naki ne. Kin je wurin ko ba ki je ba? Wa zai sani?”

Ubaida ta ɗauki slide ɗaya ta kai na’urar scanning ta uni. Ba ta taɓa aiki da fim ba. Ba ta san yana da gaba da baya ba. Ta saka shi a juye, ba ta tsaya dubawa ba.

* * *

“Ke kika kira shi?”

Widad tana shafa farce a kan kujera, ba ta ɗago ba.

“Gayyata kawai na yi. Laifi ne saurayi ya zo show ɗin budurwarsa?”

“Widad!”

“Na kira Mma ma. Gara ta san irin surukar da za ta kwasa.”

Sai a lokacin Ubaida ta tuna sau uku Widad tana zuwa Birmingham wurin Kamil ɗaukar hoton fasfo, alhali ga shagon hoto a ƙasan flat ɗinsu. Ta so ta zage ta. Amma Widad baki kawai ta sa. Hannun da ya buɗe akwatin nata ne.

Ta kira wayar Kamil sau goma sha biyu. Ta tura saƙo: *Masoyina, don Allah…* Shiru. Ta kira layin gidansu, Mma Adiza ta ɗauka.

“Ina wuni, Mma…”

“Lafiya. ’Yata, in tambaye ki. Mutum ya ɗauki rigarka ya sa, sannan ya kira ubansa su yi maka dariyar ba ka da riga?”

Ƙit, ta ajiye.

Kwana uku Ubaida tana jiran uni su kira ta. Ba su kira ba. Kamil bai faɗa wa kowa ba, kuma ta gane ba zai faɗa ba. Za ta iya karɓar digirinta, Abba ya rataya hoton a ofishinsa kamar yadda ya yi alkawari, duniya ba za ta sani ba. Kamil kawai za ta rasa.

Wannan ya fi hana ta cin abinci.

Ranar Alhamis da safe ta hau bas zuwa jami’arsu da ke Oxford Road, ta ƙwanƙwasa ƙofar malamarta Celestina.

“Tauraruwarmu! Shigo, ina cike miki fom ɗin gasa.”

“Ki yaga shi. Ba ni na ɗauki hoton ba.”

Malamar ta cire tabarau. Ta yi tambaya biyu, ta rubuta amsa. Za a soke makin. Za ta tsaya gaban kwamiti. In an yi mata sassauci, ta maimaita shekara.

Ubaida da kanta ta sauke hoton daga bango, ’yan ajinsu suna kallo.

Saura Abba.

Ta same shi a falo bayan la’asar. Ta durƙusa ta saka masa slide ɗin a tafin hannu. Ya ɗaga shi saitin taga. Ja da rawaya suka haska tsakanin yatsunsa, bishiyar tana hagu. A jikin farin firam ɗin an rubuta da biro: *Kamil Saaka. Oktoba 2003. Kwana na tara.*

Ya dubi babban hoton da ta jingina a bango. Ya sake duban na hannunsa.

“Nasa ne?”

“Nasa ne, Abba.”

“Kina tsaye, na ci masa mutunci da hotonsa?”

“Eh, Abba.”

“Shi kuma ya ce min ya yi kyau…”

Bai yi tsawa ba. Da ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya miƙe ya ɗauki makullin mota.

“Ɗauko mayafinki. Ki ɗauko wancan ma.”

* * *

Suka kama hanya daga Manchester zuwa Aston. Hoton yana kujerar baya, fuskarsa a ƙasa.

Mma Adiza ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu, ƙamshin shito, soyayyen yajin mutanen Ghana, ya biyo ta. Ta dubi uban, ta dubi ’yar. Dokta Maikano, wanda bai taɓa taka gidan ba, ya cire takalmi tun a waje.

“Hajiya, haƙuri na zo bayarwa. Nawa daban, na ’yata daban.”

“Ai ba ni aka yi wa ba, Dokta. Mai hoton bikin yana sama.” Ta ɗaga murya. “Kamil! Sauko, an zo koya maka ɗaukar hoto!”

Dokta ya sunkuyar da kai. Ubaida ta ji kamar ta nutse.

Kamil ya sauko, ya rame. Ya durƙusa ya gaida Dokta kamar ba abin da ya faru. Ubaida ta ajiye akwatin a gabansa.

“Na faɗa wa uni. An soke komai.”

Sai a nan ya kalle ta.

“Wa ya sa ki?”

“Ba kowa. K… ka yafe min. Na yi maka sata, na yi maka ƙarya.”

“Ba hoton ne ya ƙona ni ba. Shirun ne. Na ga kin buɗe baki, Ubaida. Na ga kin rufe.”

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

“Da na roƙe ka, da ka ba ni?”

“Da na hana ki.”

“Na sani.”

“Sannan in zauna in koya miki, ko da kin faɗi shekarar. Ai ga shi kin faɗi ɗin.”

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka.

“Mugu…”

“Ni? Ke ko satar ba ki iya ba, zuciyata. Fim yana da gefe mai sheƙi da gefe maras sheƙi!”

Dokta ya yi gyaran murya. Har lokacin slide ɗin yana hannunsa.

“Kamil, da gaske kwana tara?”

“Eh, Baba. Ganyen ne bai nuna ba.”

“Ni ko minti biyu ban ba ka ba kafin in yanke maka hukunci. Ka yafe min. In har yanzu kana son ta, ka turo magabatanka.”

“Tsaya, Dokta,” in ji Mma Adiza. “Ni ba a tambaye ni ba.” Ta nuna Ubaida da ludayi. “Ba za ta shigo gidan nan ba sai ta gama karatun da hannunta. Ko hoton kwandon shara ne, ya zama nata.”

“Na yarda, Mma.”

“To tashi ki wanke hannu. Waken nan ba zai zuba kansa ba.”

* * *

Ta bar flat ɗin Fallowfield, ta maimaita shekarar. Ganyen lambun Platt Fields ta ɗauka, cikin ruwan saman Manchester, ta ci da ƙyar. Aka ɗaura aure a watan Agusta na 2007. Wani abokin ango ne ya yi hoton bikin, Kamil yana ta yi masa gyara daga kan kujera har Mma ta tsawata masa.

A Oktoba suka isa kwazazzabon. Kwana biyar ganye bai nuna ba. Sanyi ya farfasa mata leɓe, yashi ya shiga har cikin shayi. Rana ta shida, goma saura kwata, rana ta bugi dutsen can, jan hasken ya fara gangarowa kan bishiyar.

Tana bayan kyamara. Shi yana zaune a kan dutse, hannuwa cikin aljihu.

“K, yanzu?”

“Ban sani ba, amaryata. Hotonki ne.”

Ta danna.

Yana rataye a falonsu a Birmingham. Ya ɗan karkace, kuma ya yi duhu ta gefe ɗaya. Abba ya taɓa cewa a kai a gyara shi a kwamfuta.

Ta ce a bar shi haka.