Ranar Da Ruwa Ya Biyo Su Daga Isa

A bakin rijiyar bayan gari Labbo ya fara ganin Kadijatu, cikin shekarun nan da ruwa ya ƙi Sabon Birni. Ruwan rijiyar ya yi ƙasa har igiyarta ta kasa kai guga. Tana tsaye tana leƙe, sai ga shi a kan keke da kayan koli ɗaure a baya. Ya sauka. Ya kwance igiyar kayansa ya ƙulla da tata, madubai da sabulai suka watse a ƙasa.

"Kayanka sun zube," ta ce.

"Na gani. Ja guganki."

Ta ja, gugan ya fito rabi ruwa rabi laka. Suka dube shi, suka dubi juna, dariya ta kama su.

Daga ranar, kowace kasuwa Labbo za shi, sai hanyarsa ta bi ta ƙofar gidan Malam Bawa, mahaifinta, ya kaɗa ƙararrawa ya wuce. Da ya samu lambarta kuwa, saƙo ya fara tafiya.

"Dijena, yau na wuce ban gan ki ba. Kasuwa ta ci, ni ban ci komi ba."

"Ɗan kolina, na ji ƙararrawarka. Baba na zaure, shi ya hana ni hitowa. Ka sha ruwa bisa hanya."

Da magana ta kai kunnen Malam Bawa, bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufka ba.

"Mai keken nan? Yau Maraɗi, gobe Bafarawa. Ina gonatai? Mutumin da bai taɓa riƙa sungumi ba, mi za shi ba ɗiyata ta ci? Madubi?"

Akwai kuma Amiru, mai fataucin hatsi, mai jan babur. Kullum da yamma babur ɗin yana jingine a ƙofar gidan. Labbo ya gani, ya daina kaɗa ƙararrawa, daga baya ma ya sake hanya. Sai ga saƙonta.

"Ka bar wucewa. Ko keken ya mutu?"

"Keke bai tsayawa inda babur ya tsaya."

"Babur wurin Baba shika zuwa, ba wurina ba. Ka zo bayan darni, akwai magana."

Maganar ba mai daɗi ba ce. Yunwa ta sa gidan sun daka geron da suka ajiye na iri sun sha fura da shi. Ko yau aka yi ruwa, Malam Bawa ba shi da abin sawa a ƙasa. Amiru ya ce shi zai kawo iri, in dai an tsayar masa da rana, kuma tsohon ya ce zai ba shi amsa da zarar an taso daga roƙon ruwa ranar Laraba.

"Akwai iri wurin Kaka Tasalla a Isa," in ji Kadijatu ta cikin darnin karan da ya kewaye gidan. "Tukunya guda, liƙe da laka."

"To Baba ya aika mana."

"Surukarshi ce hwa, uwar Innata. Gara ya mutu da yunwa da ya buɗe baki ya roƙe ta. Ita kuma ba ta ba kowa in ba ni ba."

"In kinka shiga tasha, kahin mota ta cika labari ya kai zaure."

"Ba mota za ni shiga ba. Ga keken Yaya Ibrahima nan tun da ya tahi cin rani. Cikin gida na koya, ba wanda ya sani."

A garin nan ba a taɓa ganin budurwa a kan keke ba.

Amma ta riga ta gama tunaninta. A nan, in fari ya yi tsanani, ranar roƙon ruwa mata sukan sa tufafin maza, su ɗauki fartanya su zagaya gari suna waƙa. A wannan rana kaɗai ba mai tambayar mace don me ta sa wando.

Da sassafen Laraba, maza sun nufi filin Idi, mata sun fito da rigunan mazansu, sai wasu samari biyu suka fice ta hanyar Isa a kan kekuna. Ɗaya ya ja malfa har gira.

Hanya ba ta yi musu sauƙi ba. Inda kwalta ta mutu sai yashi, inda yashi ya yi yawa sai su sauka su tura. Gonaki dama da hagu fari fat, ga ƙasusuwan shanu a bakin hanya. Kadijatu ta faɗi a wata gangara, ta tashi ta kaɗe wando kafin Labbo ya iso.

"Ko mu huta, Dijena?"

"In na sauka ba ni iya sake hawa. Taka mu tahi."

Kafin azahar suka shiga Isa. Kaka Tasalla tana tsakar gida ta ga saurayi ya faɗo mata ba sallamar kirki.

"Kai ɗan wa, marar kunya?"

Kadijatu ta cire malfa. Tsohuwar ta nemi turmi ta zauna a kai.

"Dije? Da wando? Bisa mi kinka zo?"

"Bisa keke, Kaka."

"Wa ya goyo ki?"

"Ni na tuƙo kaina."

Tsohuwar ta miƙe daga kan turmin. Sannan ta leƙa zaure ta ƙare wa Labbo kallo tun daga hula har silifa.

"Wanga ramammen ne kinka yi wa wagga wahala? Ko ni da tsuhwana sai na yi shawara."

Duk da haka ta shiga ɗaki ta fasa bakin tukunyar. Gero ne cikin toka, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. Ta juye a buhu, ta ce wa Labbo, "Kai ka rako ta, kai za ka maishe ta kahin rana ta hwaɗi. In ƙaya ta soke ta, ni da kai ne."

Ga inda suka yi kuskure. Labbo ɗan koli ne, a da ba ya fita ba leda a ƙarƙashin sirdi. Amma an daɗe ba a ga ruwa ba har ya manta ana jiƙewa. Tsohuwar ma ba ta tuna ba. Mutanen da suka fito ranar roƙon ruwa, ba wanda ya yi zaton za a amsa.

Sun yi nisa da Isa sai iska ta juya.

"Labbo, mi ne wancan gabas?"

"Ƙura ce."

"Ƙura ba ta baƙi haka."

Ɗigon farko a bayan hannunta ya sauka. Ta tsaya tana kallonsa kamar kunama ce. Kafin ta yi magana sama ta buɗe.

Labbo ya tuɓe rigarsa ya rufe buhun, rigar ta jiƙe nan take. Laka ta cushe ƙafafun kekunan har suka ƙi juyawa, suka riƙa ƙwaƙule ta da tsinke suna ci gaba. Wani rafi da suka ratsa da safe a bushe, yanzu ruwa ne ja yana gudu har gwiwa. Ya ɗora buhun a ka ya haye, ya dawo ya ɗauki kekunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa mata sanda ta riƙe.

A tsakiyar ruwan ta tsaya, haƙoranta suna kaɗawa.

"In Baba ya kore ni hwa?"

"Ɗaki guda gare ni da keke guda. Ki ɗauki duka, ni in kwana waje."

"Ba ka da hankali."

"Tun bakin rijiya na bar shi."

A Unguwar Lalle matan roƙon ruwa ba su koma gida ba, suna ta rawa cikin ruwan da rigunan maza. Daidai nan iska ta fizge malfar Kadijatu, kitso ya bayyana. Rawa ta tsaya cak. Wata tsohuwa ta nuna ta da fartanya.

"Mace ce. Mace bisa keke, ga ruwa na biye da ita."

Sai guɗa ta tashi. Wata ta ce ai ɗiyar Malam Bawa ce ta Sabon Birni, kuma kafin su fita garin, waya ta riga su gida.

Ruwa ya tsagaita bayan la'asar. Suka iso sun zama laka tun daga kai har ƙafa, suka tarar da rabin unguwa a ƙofar gida. Innarta ta leƙo daga zaure ta dafe ƙirji. Amiru na tsaye gefe, ya dubi wandon, ya dubi keken.

"Malam, ni dai na janye. Wagga ta hi ƙarhina."

Ya tura babur ɗinsa ya tafi, don ruwa ya shiga injin.

Malam Bawa bai bi shi da kallo ba. Ɗiyarsa yake kallo.

"Daga ina?"

"Daga Isa, Baba. Wurin Kaka."

Da ya ji an ambaci surukarsa sai ya sunkuyar da kai. Labbo ya sauke buhun, ya durƙusa.

"Baba, laihina ne. Ban zo da leda ba. Irin ya jiƙe."

Tsohon ya kwance bakin buhun, ya cusa hannu. Geron ya sha ruwa ya kumbura. Ya murza shi a tafin hannu, ya dubi rana, ya dubi ƙasa. Kowa na jiran ya ɗaga murya.

"Jiƙaƙƙen iri bai kwana cikin buhu," ya ce. "In ya kai gobe tsira za shi yi ya ruɓe. Ku ɗauko sungumi."

Aka kawo. Sai ya miƙa wa Labbo, ya miƙa wa Kadijatu ƙwarya.

"Kai sara, ita ta bi ka da iri. Hushina na nan, ba inda ya tahi. Sai mun taso."

Maƙwabta suka bi su gona da nasu sungumai. Labbo bai taɓa sara ba, layinsa ya riƙa karkacewa kamar sawun maciji, tana binsa tana zubawa tana rufewa da diddige, tana danne dariya. Malam Bawa ya tsaya a bayansu yana girgiza kai.

Ana kiran magariba ƙwaryar ƙarshe ta ƙare. Tsohon ya karɓi sunguminsa, ya dubi hannun Labbo da ya yi kanta ya fashe.

"Daga nan har Isa an ga ɗiyata da wandon wanta tana biye da kai. Wa kaka so ya aure ta yanzu? Ka turo manyanka. Kuma ka zo noman hwarko, in koya maka miƙe layi."

Kadijatu ta rufe fuska da ƙwaryar.

Daminar ba ta cika yadda ake so ba, amma gidan Malam Bawa sun ɗaure dammunan da za su kai su wata damina. Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan, aka raba goro, liman ya shafa fatiha. Da za a tafi da amarya, mahaifinta ya dafa kanta.

"Kin ba ni kunya, kin kuma cishe ni. Na yahe miki. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai jin magana hiye da ke."

Duk zauren aka ce amin, har da masu dariya.