Sikelin Matar Sauro

Inna ta ɗaga murfin tukunya ta leƙa, ta mayar da shi da ƙarfi har cokula suka yi tsalle. Dafaffen kifi ne da ganye, babu ɗigon mai, gishiri kuwa daga nesa aka nuna masa.

"Da wannan kike ciyar min da ɗa?"

Amarya ta durƙusa a bakin kicin ta shiga bayani. Mijinta ɗan damben zamani ne, da shi suke ci suke sha, a ajin marasa nauyi yake bugawa, shi ya sa ake ce masa Sauro. Kafin kowane wasa sai an ɗora shi a sikeli, in ya haura kilo hamsin da bakwai ko da ƙiris ne, ba zai hau dandali ba. Ga wasan kambu ya ƙarato, abin da suka daɗe suna roƙon Allah. Dalilin da ya sa ke nan take auna masa kowace loma a ɗan sikelinta na kicin.

Ina, Inna ba ta ji ba. Ta ce ita ta haife shi, ta san yunwa in ta gan ta, ƙashin wuyan yaron nan har mayafi za a iya ratayawa. Ta cilla sikelin a kwandon shara, ta ce wa Amarya ta je gidansu ta huta.

Duk abin nan Sauro yana tsaye a ƙofa. Mutumin da ke shiga ruwan naushi yana murmushi, sai ga shi ya ƙura wa silifas ɗinsa ido. Ya fi kowa sanin shi ya roƙe ta wannan girkin, ya san ita ma shi take ci don kada ƙamshin wani abinci ya dame shi. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta, amma bawan Allah ya haɗiye ta. Amarya ta fita da ɗan akwatinta, takaici ya hana ta ko kuka sai da ta shiga mota.

Inna ta tare a gidan, ta sa tukunya a gaba. Shinkafa da nama, mai har yana kwance, kuma ta zauna ta tsare shi sai ya suɗe kwano. Sauro ya ci ya yi godiya, ya fita gudu cikin rigar leda don ya zubar da gumi. Wa zai kwashe kogi da ludayi?

Ranar awo Amarya ta kasa zama, ta je ta raɓe a bayan zauren. Tana kallo Inna ta shigo da kular abinci, tana gaya wa na kusa da ita cewa yanzu ɗanta ya yi kyan gani. Sauro ya hau sikeli, ya sauka, ya tuɓe har safa ya sake hawa. Mai awo ya girgiza kai, kocinsa ya buga hula da ƙasa. Nan take aka ba wani wasan.

Sai a lokacin Inna ta gane, da ta ga ɗanta zaune a kan benci yana kuka a gaban jama'a, ita kuma rungume da kula.

Washegari da hantsi ta zo gidan su Amarya da ƙafarta, Sauro na biye da ita kamar kazar da ruwa ya daka. Ta ciro wani abu daga jaka, sai ga ɗan sikelin nan, an wanke shi tas.

"'Yata, na zalunce ki. Ki yafe min, ki koya min yadda ake aunawa."

Amarya ta karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba, ta ce wallahi ba ta riƙe ta ba. Sauro ya ga ƙofa ta buɗe, ya matso yana cewa sori, filis a koma gida. Ta juyo ta dube shi.

"Inna ƙauna ce ta sa ta, ba ta sani ba. Kai fa? Ka sani, ka yi shiru."

A gaban mahaifiyarsa da surukansa Sauro ya faɗi gaskiyar da ya kamata ya faɗa tun a bakin kicin, sannan ta yarda ta bi shi.

Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba. Da shekara ta zagayo Sauro ya sake samun dama, ya ɗauko kambun ya ajiye mata a cinya. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma barin ta cikin kuskure har ta cuci wani ba biyayya ba ce, ragwanci ne. Yanzu in ka je gidan kafin wasa, Inna za ka tarar a kicin da tabarau a hanci, ta tasa sikeli a gaba, kuma ko Amarya ba ta isa ta ƙara masa rabin cokali ba.