Allura a Saman Motar Yawo

Su uku ne: tela, matarsa, da 'yarta Mimi da ta zo da ita bayan rasuwar mijinta na fari. Ba su rasa ci da sha ba. Abin da suka rasa shi ne, dangin matar ba su ɗauki tela a bakin komai ba, Mimi kuma har yau "Malam" take ce masa.

Yayar matar, Yaya Babba, ce ta shirya tafiyar hutun zuwa wani gari na bakin teku, ta hau da su saman motar nan mai hawa biyu da ke zagaya gari da baƙi. Tela bai taɓa ganin teku ba, tun a gida yake zancenta.

"Zo nan kusa da ni," Yaya ta ce wa ƙanwarta. "Shi ya zauna baya. Kada ya ga bene ya sume mana!"

'Yan uwa suka kwashe da dariya. Matar ta sunkuyar da kai, ta zauna inda aka ce.

Mota ta wuce kasuwa, ta wuce tsohon agogon gari. Mimi ta zabura za ta leƙa, ƙarfen kujera ya kama rigarta... kyaaat! Har cinya.

Yaya ta taɓe baki. "Ɗinkin gida ke nan! Dubi 'yar mutane kamar almajira... Rufe ta, kada ta ba mu kunya a hoto."

Mimi ta fashe da kuka.

"Taho, Gimbiya," in ji tela a hankali. Ya zare allura daga cikin hularsa, ya lulluɓe yarinyar da babbar rigarsa, ya duƙufa.

"Har nan da allura? Kai, talaka bai iya hutu ba!" in ji Yaya.

Mai jagora ya ɗaga murya: "Jama'a, ga teku a damanku!"

Kowa ya juya. Matar ta waiwaya. Kan tela na ƙasa, yana bin rawar motar da hannu don kada allura ta soki yarinyar. Bai ɗago ba har suka sha kwana, gine-gine suka rufe ruwan.

Ta miƙe.

"Ina za ki?"

"Wurin mijina, Yaya."

"Wancan ɗin?"

"Shi ɗin."

Ta zauna a gefensa, idonta cike da hawaye. "Masoyina... ta wuce fa."

"Teku ba ta gudu, abar ƙaunata," ya ce, ya datse zaren da haƙori.

Mimi ta shafa ɗinkin, ta kasa gano inda rigar ta yage.

"Baba... shuɗiya ce. Babba sosai. Bari in ba ka labari."

Mimi ta gane cewa kowa a motar teku ya kalla, shi kaɗai ne ya kalle ta.