Ranar da Kamalu Ya Amsa Wayar Kaka

A Kusada akwai wani yaro ɗan aji biyar mai suna Kamalu. Gwani ne wajen kwaikwayon murya. Ya iya ta hedimasta, ya iya ta mai tallan kifi, har ta ɗan akuyar maƙwabta. Amma wadda ya fi ƙwarewa a kai ita ce ta kakansa, Malam Dalhatu, har da ɗan tarin da tsohon yake yi kafin ya yi magana.

Bara aka yi wa Kaka aikin zuciya a wani babban asibiti a birni. Likitocin suna wani bincike. Suna so su san yadda lafiyar waɗanda aka yi wa aikin take kasancewa bayan sun koma gida, manya da yara. Saboda haka duk wata, wata nas mai suna Shamsiyya takan bugo waya daga Kankia. Ta yi wa Kaka tambayoyi, ta rubuta amsa. In ta ji abin da bai yi mata ba, ta ce ya zo a duba shi.

Wata Litinin aka aiki Kamalu karɓo wayar Kaka daga wurin mai caji. Yana tafe da abokansa sai ta yi ƙara.

"Nas ɗin Kaka ce," in ji shi. "Ku tsaya ku ga aiki."

Ya yi ɗan tari, ya shaƙe murya.

"Salamu alaikum, ɗiyata."

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki? Ƙafafu ba sa kumbura?"

"Wane kumburi! Jiya kunya ashirin na nome a gonar gero."

"Numfashi fa? Ba ka haki?"

"Ni? Ko jikana Kamalu na fi shi gudu. Ragon banza ne."

Abokansa suka toshe baki don dariya.

"Madalla, Baba," in ji nas. "To ba sai ka zo ba. Sai wata mai zuwa."

Kamalu ya koma gida yana ƙasaita. Bai gaya wa kowa ba.

Alhali ya sani sarai, kwana huɗu ke nan takalmin Kaka ya daina shiga ƙafarsa.

Ranar Laraba Kaka ya kira shi zaure. "Kai, ɗan nema, duba mani wayar nan. Yarinyar nan ba ta kira ba?"

"Ba ta kira ba, tsoho."

"Ina son in gaya mata zancen ƙafafun nan. Amma bari, masu aiki ne. Za ta kira."

Ranar Juma'a suka kama hanyar masallaci tare. Tafiyar ba nisa. Sau biyu Kaka yana tsayawa. Na uku ya zauna a gindin dalbejiya yana haki, ya kasa ko tsokanar jikansa. Mutane suka taru suna yi masa fifita.

Kamalu ya ruga gida.

"Umma, nas ta kira tun Litinin. Ni na amsa. Na ce mata lafiya lau, da muryar Kaka."

Umma ta ajiye ludayi. "Ka ce mata me?"

"Wasa nake yi."

Ba ta ko ɗaga hannu ta doke shi ba. Ta yafa mayafi ta fita neman mota.

A asibitin Kankia likita ya ce ruwa ne ya taru a jikin Kaka. Ya ce da an zo tun Litinin, canza magani kawai za a yi. Yanzu sai an kwantar da shi kwana uku.

Nas Shamsiyya ta kira Kamalu. Ta nuna masa wata takarda.

"Karanta nan."

"Yana noma. Ba kumburi. Ba haki," ya karanta a hankali.

"Wannan takarda ba ta Baba kaɗai ba ce," in ji ta. "Ana haɗa ta da na mutane da yawa. Da su likitoci ke gane wane aiki ya yi kyau, wane magani ya dace. Akwai yara sa'anninka da ke jiran aikin nan. In an rubuta ƙarya, su ma an cuce su."

Ta soke layin da jan biro, ta rubuta gaskiya a ƙasa.

"Ki yi haƙuri, Anti," in ji Kamalu.

"Je ka ba mai muryar haƙuri."

Kaka yana kan gado, ya ji sauƙi. Ya kalli jikansa sama da ƙasa.

"An ce na nome kunya ashirin?"

"Ka yafe mani, Kaka."

"Na yafe. Amma tunda na riga na faɗa, ba zan zama maƙaryaci ba. Fartanya tana bayan rumbu."

Bayan an sallamo Kaka, Asabar da Lahadi Kamalu ya yi su a gona yana noma. Ashirin cif, Kaka yana zaune a inuwa yana ba da umarni.

Da wata ya zagayo, waya ta sake ƙara a hannun Kamalu. Ya amsa da muryarsa ta kansa.

"Anti, Kamalu ne. Ga Kaka nan, takalminsa yana shiga."

Tun daga nan ya gane wasa yana da wurinsa. Maganar lafiyar mutum kuwa, gaskiya kaɗai ake faɗa.